Kwalliyar da Alhaji Ya Yi wa Mutum-mutumi

Da na bar aikin rediyo na dawo gida Jibiya, ban yi zaton zan sake riƙe makirfo ba. Amma mutane sun san muryata, kuma taro ba ya ƙarewa a garin nan. Kafin in ankara na zama mai gabatarwa: yaye ɗalibai, rabon taki, buɗe sabon masallaci. Aikin ba shi da wuya ga wanda ya saba. Ka san wanda za a fara ambata da wanda ke biye masa. Ka san yadda za ka ja magana idan babban baƙo bai iso ba, da inda za ka yanke ta idan ya fara duban agogo. Mai makirfo ba shi da kujera a sahun gaba, amma shi ke cewa a zauna, shi ke cewa a tashi.

Autata tana makarantar 'yan mata ta gwamnati a lokacin. Wata malamar kimiyya ta tara su 'yan kaɗan ta ce za su haɗa mutum-mutumi. Haka muke fassara kalmar a labarai, amma abin da suka haɗa bai yi kama da mutum ba ko kaɗan. 'Yar mota ce mai taya biyu, tsawonta bai wuce tafin ƙafa ba. Aikinta guda ne: a shimfiɗa farin allo a ƙasa, a zana masa baƙin layi mai lanƙwasa, ita kuma ta bi layin da kanta har ƙarshe ba tare da an taɓa ta ba. A ƙarƙashin gabanta akwai wasu ƙananan abubuwa da yaran ke kira idanu. Suna aika haske ƙasa. Fari yana mayar da hasken, baƙi yana shanye shi, da haka take gane inda layin yake.

Malamar ta sayo ƙwaƙwalwar abin da idanun daga Katsina. Sauran kuwa tsince-tsince ne. Injinan da ke juya taya daga wata matacciyar na'urar buga takarda suka ciro su. Gangar jikin suka yanko daga jarkar man girki, irin rawayar nan da ba gidan da babu ita a bakin iyaka.

A shekarar aka fara gasar makarantu a ƙaramar hukumarmu. Tawaga ɗaya tak ke wucewa zuwa Katsina, inda ake haɗuwa da sauran makarantun jiha. Ba ni na gabatar da taron farko ba. Ina zaune cikin iyaye, a layi na uku, na ga komai.

Shugaban kwamitin shirya gasar wani Alhaji ne da muka zauna benci ɗaya a firamare. Ya yi arziki da fataucin kaya tsakanin nan da Maraɗi, yana da manyan motoci da babban shago a bakin kasuwa, daga baya ya gina makarantar kuɗi a kan hanyar da ta nufi iyaka. Shi ya kawo rumfuna da kujeru, saboda haka shi ne shugaba. Mutum ne mai son sabon abu, kuma mai son a san sabo ne. Kujerun falonsa har yau ba a cire musu leda ba.

Kafin a fara, aka jera na'urorin a kan tebur don baƙi su gani. Alhaji ya zagaya da su yana nuni. Da ya zo kan ta 'yan matan sai ya tsaya, ya ɗaga ta da yatsu biyu.

"Wannan jarkar," ya ce, "an biya mata kuɗin fito kuwa, ko ta bayan gari ta shigo?"

Aka yi dariya, har da baƙin Katsina. Ya ga abin ya karɓu, sai ya kai ta kusa da kunnensa ya girgiza, wai yana jin ko da sauran mai a ciki. Dariyar ta ƙaru. Ya ajiye ta ya wuce.

Da aka kira makarantarsu, autata ta ɗora motar a kan layi ta danna. Ba ta motsa ba. Girgizar ta tsinke wata waya a ciki. Malamarsu ta roƙi a ba su ɗan lokaci su liƙe ta da dalma, kayan aikin suna cikin jakarta. Alhaji ya ce baƙi na da tafiya a gabansu, masu komawa ƙauye kuma suna son isa gida da rana, a kira na gaba. Autata ta tsaya a tsakiyar fili riƙe da abin da suka shafe zango guda suna haɗawa, har sai da wani ya taɓa ta ya ce ta matsa. Makarantar Alhaji ce ta tafi Katsina.

Ba ta yi kuka ba. Da muka koma gida ta ɗora motar a saman durowa, ta rufe ta da tsohon ɗankwali. Yaran unguwa suka riƙa kiranta mai jarka idan an aike ta. Ta daina zuwa ƙungiyar masu haɗa motar. Yarinyar da a da take hana mu cin abinci cikin natsuwa da bayanin batir da waya, sai ta koma amsa magana da e ko a'a.

Ban je na sami Alhaji ba. Na san abin da zai ce: wasa ne, kuma ai ɗiyata ce ni ma. Da na je, da na ba shi labari na biyu da zai bayar a majalisa. Aikin rediyo ya koya mini abu guda da kyau, wato kada ka buɗe baki sai jar fitilar ɗakin watsa shiri ta kama. Na ajiye abin a raina yadda yake, ban ƙara masa ba, ban rage ba. Duk lokacin da na ga motarsa ta wuce, nakan tuna yatsun nan biyu.

Malamar ce ta dawo da yarinyar. Ta zo gida har sau da yawa, ta zauna da mahaifiyarta, ta ce wa yarinyar shekarar da ke tafe ita ce ta ƙarshe a makaranta, idan ba ta je Katsina a cikinta ba, ba za ta taɓa zuwa ba. Autata ta yarda, da sharaɗi ɗaya: ba za a canza jikin motar ba. Malamar ta so su nemi falanki mai kyau su yi fenti. Ta ce a'a, jarka.

Tsakar gidanmu ta zama wurin gwaji. Suka manna baƙin salatif a bayan wata tsohuwar tabarmar roba mai fari, 'yan mata uku suna durƙushe a kai kullum bayan la'asar. Ni kuma ina kan kujera da rediyona, ina yi kamar ba na kallo. A nan na koyi abin da na sani game da idanun. Wata rana motar ta riƙa barin layi tana tafiya kai tsaye, suka duba waya, suka canza batir, ba abin da ya sauya. Can autata ta juya ta, ta goge idanun da gefen hijabinta. Ashe ɗaya daga cikin 'yan matan ta ci ƙosai ta taɓa wurin. Na tambaya yadda ɗan maiƙo zai hana inji aiki. Ta ce duk abin da ke ƙyalli, idan ya tsaya a gaban idon, zai mayar masa da haskensa tun kafin ya kai ƙasa. Sai motar ta ga fari ko'ina, ta yi zaton babu layi.

Da lokacin gasa ta biyu ya matso, sakataren kwamiti ya zo ya ce ana so in gabatar. Na amsa tun bai gama ba. Ba ni da wata dabara a lokacin. Ina so ne kawai in kasance a tsaye, da makirfo a hannuna, a duk inda Alhaji zai sake ɗaga wani abu da yatsu biyu.

An yi taron a filin wata makaranta kusa da tasha. Daga inda nake ina hango manyan motoci a jere suna jiran a sallame su su ƙetare, direbobi na shan shayi a ƙarƙashinsu. Bayan makarantun cikin gari, ƙauyukan Riko da Mazanya sun turo tawaga. Alƙalin gasar wani malamin fasaha ne da aka gayyato daga Maraɗi, don kada a ce an yi son kai. Dogo ne, ba ya yawan magana, yara na kiransa Mushe, yadda ake kiran malami a can. Shi ya bayyana ƙa'ida: kowace tawaga za ta yi zagaye biyu, akwai maki a kan kowace kwana da aka wuce da kuma sauri, a ƙarshe a haɗa na zagayen biyu. Kafin a fara, duk mai so zai iya gwada motarsa a kan allon.

Kowa ya jera tasa a tebur, ban da makarantar Alhaji. Yaransa uku da malaminsu, wani matashi siriri, suna tsaye hannu ba komai. Na tambayi malamin ina motarsu. Ya ce tana wurin Alhaji tun jiya. Yadda ya faɗa ya sa na sake dubansa.

Alhaji ya iso tare da babban baƙo daga Katsina. Direbansa na biye da faranti a hannu, an rufe abin da ke kai da farin yadi. Aka ajiye a tsakiyar tebur. Sai da kowa ya zauna sannan Alhaji ya yaye yadin da kansa.

Duk wanda ya san bakin tashar Jibiya ya san masu yi wa babur kwalliya. Ka sayi sabon babur, kafin ka kai shi gida sai ka biya ta wurinsu. Su manna masa sitika mai walƙiya, su sa masa geza, sannan su naɗe tanki da gefuna da leda mai sheƙi, su bi ta da wuta ta kama jiki, don kada fenti ya ƙarce. Wurinsu Alhaji ya kai motar yaransa. Sun yi mata aikin da suka iya, kuma sun yi shi da kyau. Kore da ruwan zinare, sunan makarantar a gefe biyu, 'yar tuta a baya. Sun naɗe ta tsaf da leda, sama da ƙasa, taya kawai suka bari.

Mutane suka miƙe suna leƙe. Autata tana cikin ɗaliban da ke kusa da tebur. Na ga ta sunkuya kamar mai gyara takalmi, ta dubi cikin motar daga ƙasa, ta miƙe. Ta zo inda nake, ta ɗauki ruwan da aka ajiye mini ta miƙo, kamar abin da ya kawo ta ke nan.

"Baba," ta ce a hankali, "sun rufe mata idanu."

"Gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya. Ba za ta ga layi ba."

Na karɓi ruwan na ce ta koma wurin 'yan uwanta.

Malamin Alhaji ma ya gani. Ya zagaya ta bayan kujeru ya durƙusa kusa da maigidansa, yana magana ƙasa-ƙasa, da reza a hannunsa. Daga nesa na fahimci abin da yake roƙo: a bar shi ya yanke ledar daga ƙasa kawai, inda ba mai gani. Alhaji ya ɓata fuska, ya dubi motar, ya dubi rezar. Ba wawa ba ne. Na san shi tun muna yara, idan aka yi masa bayani sau biyu yana ji. Na ga kansa ya fara sunkuyawa alamar zai ce to.

Sai na kunna makirfo.

A gidan rediyo an hana mu kirari. Mai karanta labarai ba ya yabo, ba ya zagi. Duk tsawon aikina ban taɓa kambama mutum a iska ba. Amma na tashi a garin da ake yi, kuma na san yadda yabo ke aiki a bainar jama'a: wanda aka yaba a kan abu, ba ya iya janye hannu daga abin a gaban waɗanda suka ji. Na fara da murya a kwance. Na ce jama'a su dubi tsakiyar tebur. Na ce na halarci taruka a Katsina da Kaduna, ban taɓa ganin na'urar ɗalibai da aka fito da ita cikin irin wannan shiga ba. Gaskiya ne. Na ce aikin hannun 'ya'yan Jibiya ne, na bakin tasharmu, ba a kai ta Kano ba, ba a kai ta Maraɗi ba. Wannan ma gaskiya ne. Na ce a lura da yadda aka naɗe ta, babu inda leda ta tattare, babu inda aka bar kafa ko ta shigar allura, tun daga sama har ƙasa. Na nanata har ƙasa. Na ce wannan tunanin mutum ɗaya ne, ba malami ba, ba ɗalibi ba, shugaban kwamitinmu ne da kansa ya ɗauke ta ya kai, ya tsaya a kai har aka gama.

Aka yi tafi. Alhaji ya ɗaga hannu yana murmushi. Malamin yana nan durƙushe.

Na roƙi babban baƙo, idan ba zai damu ba, ya taso ya gani da idonsa, a ɗauki hoto. Ya taso, manyan gari suka biyo shi. Masu waya suka kewaye tebur. Babban baƙon ya shafa ledar da yatsa, ya ce lallai an yi aiki, ya ce irin wannan ko a ofis aka ajiye ta ta isa ado. Na maimaita maganarsa a lasifika, kalma bayan kalma, yadda waɗanda ke bayan rumfa za su ji.

Da aka koma zama, malamin ya sake matsowa. Na kashe makirfo, amma ina kusa.

"Alhaji, ƙasan kawai. Ba wanda zai lura."

"Kai, mayar da rezar nan aljihu. Mi kake so a ce, an gama hoto mun kama fiɗa?"

Mushe ya zo ya tambaya ko za su gwada kafin a fara, don su kaɗai suka rage. Yaran suka dubi malaminsu, malamin ya dubi Alhaji. Alhaji ya ce motar da ta je Katsina bara ba ta buƙatar gwaji a Jibiya. Mushe ya ɗaga kafaɗa ya koma wurinsa.

Aka fara. Ta Riko ta wuce kwana biyu ta ɓace. Ta Mazanya ta yi kyau har tsakiya, sai batir ya yi sanyi ta tsaya. Wata makarantar cikin gari ta kai ƙarshe amma sai da ta bar layi aka mayar da ita, aka rage mata maki. Da na kira makarantar 'yan mata, wani daga baya ya ce ga mai jarka nan, 'yan kaɗan suka yi dariya. Na kira sunan makarantar kamar yadda na kira sauran, ban ƙara ko kalma ba. Autata ta durƙusa, ta goge idanun, ta ɗora, ta danna. Motar ta tashi a hankali, tana kaɗa kai hagu da dama kamar tsohuwa mai neman allura. Ba ta da sauri ko kaɗan. Amma ta bi kowace kwana, ta kai ƙarshe ba a taɓa ta ba.

Sannan na kira makarantar Alhaji. Yaron da ya ɗauko motar ya riƙe ta kamar mai ɗauke da abin da ya san ya mutu. Ya ɗora, ya danna, ya ja baya.

Injinanta masu ƙarfi ne. Ta fita da gudu, tuta na kaɗawa. Layin ya lanƙwasa hagu, ita ta miƙe. Ta ƙetare farin allon gaba ɗaya, ta faɗa kan yashi, ta ci gaba, ta shige ƙarƙashin kujerun manyan baƙi. Wani dattijo ya ɗage ƙafafunsa da babbar rigarsa. Ta daki ƙafar kujerar babban baƙo ta kife, tayoyin na ta juyawa a sama.

Filin ya yi tsit. Na bar shirun ya ɗan zauna, sannan na yi magana da muryar da nake karanta farashin hatsi.

"Motar ta bar allo a kwana ta farko. Yanzu haka tana ƙarƙashin kujerar babban baƙonmu. Muna jiran alƙali."

Dariyar ta fara daga 'yan makaranta, ta bi ta cikin iyaye, ta kai har direbobin da suka taso daga tasha suna kallo ta kan katanga. Babban baƙon ya rufe baki da hankici. Ban yi dariya ba. Ina kallon Alhaji.

Ya miƙe ya ce allon ne ba daidai ba, rana ta haske shi. Mushe ya ce allon ɗaya ne kowace lakwal, wato makaranta, ta hau. Ya karɓi motar daga hannun yaron, ya juya ta, ya nuna wa Alhaji cikinta da ɗan yatsa, ya ce idan suna so su cire ledar kafin zagaye na biyu, ƙa'ida ba ta hana ba. Malamar 'yan matan tana tsaye kusa. Ta dubi Alhaji kawai, shi kuma ya dubi wani wuri.

A gaban kowa aka yi fiɗar. Ledar ta kama jiki sosai, ba ta fita daga ƙasa kaɗai, sai da malamin ya tsarga ta ko'ina. Sitika ta biyo ta, sunan makarantar ya rabe biyu, tutar ta faɗi. Yaran suna ta ɓamɓara da farce, suna goge danƙo da bakin riga. Abin da ya rage a hannunsu wata 'yar baƙar mota ce mai wayoyi a waje, ba ta fi ta kowa kyau ba.

A zagaye na biyu ta nuna abin da take iyawa. Ta bi layin kamar an ɗaura ta a kai, ta gama kafin mutane su gyara zama. Ba wadda ta yi kusa da saurinta a ranar. Har Mushe ya gyaɗa kai. A nan ne na lissafa: idan ta 'yan matan ta ɓace a zagayenta na biyu, saurin nan zai iya cike gurbin sifirin farko.

Autata ta sake durƙusawa. Ta goge idanun, ta ɗora, ta danna. Motar ta tashi, ta wuce kwanonin farko. A kwana mafi tsanani, wadda ke komowa baya kamar ƙugiya, ta tsaya. Ta juya hagu, ba layi. Ta juya dama, ta yi 'yar ƙara. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta miƙa hannu, autata ta riƙe mata wuyan hannu ba tare da ta dube ta ba. Motar ta sake kaɗa kai, ta sami layin, ta ci gaba da tafiyarta ta tsohuwa har ƙarshe.

Mushe ya haɗa maki ya miƙo mini. Na karanta daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda aka saba. Makarantar Alhaji ta zo ta biyu. Kafin in faɗi ta ɗaya na tsaya na ce akwai abin da ya kamata a sani, don a yi wa yara adalci. Na ce motar da ta fi kowace sauri a yau ita ce ta ɗaliban makarantar shugaban kwamiti, kuma duk abin da yaran nan da malaminsu suka haɗa da hannunsu ya yi aiki. Abin da aka ƙara mata daga baya ne bai yi ba. Na ce a tafa wa yaran. Aka tafa sosai, kuma kowa ya san inda zai duba yana tafin.

Sannan na faɗi makarantar da za ta Katsina. 'Yan matan suka rungume malamarsu. Autata ba ta yi tsalle ba, ta tsaya riƙe da jarkarta a ƙirji, tana kallon ƙasa tana murmushi.

Saura abu ɗaya. A cikin garin nan makarantar Alhaji ce kaɗai ke da bas. Na ce a madadin iyaye ina miƙa godiya ta musamman ga shugaban kwamiti, wanda kowa ya san ba zai bari zakarun ƙaramar hukumarmu su shiga motar haya ba alhali ga bas a ƙofar makarantarsa. Na ce Allah ya saka masa da alheri. Jama'a suka ce amin. Babban baƙo ya juya ya kama hannunsa ya girgiza. Alhaji ya gyaɗa kai, don babu sauran abin da zai yi da kan.

Da aka watse ina naɗe wayar makirfo ya zo ya tsaya a gabana. Ya bari sai da mutane suka yi nisa.

"Ka sani tun farko," ya ce.

"Alhaji, akwai abin da na faɗa wanda ba haka yake ba?"

Ya ce ɗan jarida dai ba ya tuba. Na ce na yi ritaya ai. Ya juya ya tafi, direbansa na biye da faranti da yadi.

Ranar tafiya bas ɗin ya zo ƙofar makarantar 'yan mata da safe. Alhaji bai karya alkawarin da na ɗaukar masa ba. Ni ma ina cikin masu rakiya, a matsayin uba. 'Yan matan suka shiga da kayansu, autata ta zauna gefen taga, tana ta yi wa ƙawarta bayanin yadda za su ƙara wa motar sauri ba tare da ta ɓata a kwana ba. Tun daga gida take maganar, ba ta tsaya ba ko da muna karyawa.

Direban ya ce mini Alhaji ya ce ya bi ta bayan gari ya hau titin Katsina, wai don cunkoso. Na ce haka ne, akwai cunkoso, amma malama ba ta sayi batir na ajiya ba, kuma a bakin kasuwa kaɗai ake samun mai kyau. Malamar ta dube ni, ta dubi jakarta, ta ce gaskiya ne, gara a ƙara.

Direba ya bi ta kasuwa. Ranar cin kasuwa ce, bas ɗin na tafiya kamar ana tura shi. Mai batir ɗin yana daura da shagon Alhaji, nan muka tsaya. Alhaji na zaune a kan benci a ƙofar shago tare da mutanensa. 'Yan matan suka leƙo ta tagogi cikin kayan makarantar gwamnati, 'yan kasuwa na tambayar ina zuwa, suna amsawa da baki ɗaya. Na sauke gilashi na ɗaga masa hannu. Mutanensa duka suka ɗaga nasu. Malamar ba ta yi sauri ba wajen zaɓen batir.